Adakar Littattafan Baffa

Abubuwa da yawa sun shige min a rayuwa na manta su, har da waɗanda na yi rantsuwa ba zan manta ba. Amma safiyar da na tsaya a gindin ɗorawar gonar Baffa ina kallon littattafai suna cin wuta, ban hana ba, wannan kam tana nan daram, kuma na san da ita za a kai ni. Abin da ya sa ta zauna min shi ne, a lokacin duk ƙauyenmu an san ni da hali ɗaya: in kana son ganin ɓacin raina, yaga takarda a gabana. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe in na ji ƙaurin takarda sai na waiwaya.

Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi, shi da matarsa da muke kira Inna. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Watari, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Baffa manomi ne kamar kowa, gero da dawa da gyaɗa da damina, ɗan tumatir da rani. Abin da ya raba shi da sauran dattawa shi ne wata shuɗiyar adaka ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, maƙare da littattafan hikaya na Hausa, irin ƙananan nan masu hoton mota da budurwa a bango. Duk sanda ya shiga birni sayar da tumatir, sai ya dawo da ɗaya ko biyu a aljihun riga. Karatun bokonsa kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda aka buɗe a wani rani, aka rufe ranar da ruwan farko ya sauka, saboda shi ma malamin yana da gona. Duk da haka, a garin nan in aka ce mai karatu, kowa ya san wa ake nufi.

Da kaka, bayan la'asar, in matan gidanmu sun baza tabarmi suna ɓarar gyaɗa, sai Baffa ya fito da kujerarsa ƙofar ɗaki, ya laluba aljihun 'yar ciki ya ciro mabuɗi, ya zaɓo littafi. Zai sa tabaraunsa mai ɗaurin zare, ya yi gyaran murya, ya lashi yatsa, sannan ya buɗe. Akwai wata ƙawar Inna tun ta ƙuruciya, daga unguwar Kiristoci da ke ƙetaren rafi, ita ma ba ta fashi. Takan zo da ƙwaryarta, wai taya aiki ta zo yi. Mu yara muna gefe, kunne a wajen Baffa, hannu a cikin gyaɗa.

Labaran Baffa suna da wani abu guda. Kusan kowane littafi akwai wata mace gajera, baƙa, mai wushirya, mai kaifin baki, wadda tuwon dawarta ya gagari duk matan gari. Akwai kuma wani bawan Allah mai haƙuri da ke shan wahala a kanta, yana zuwa lambu a kan jaki mai tsagaggen kunne. Inna gajera ce, baƙa, mai wushirya. Jakinmu ma kunnensa a tsage yake, tun da wani kare ya kama shi. Ni dai abin da na fahimta a ƙuruciyata shi ne marubutan birni sun san jakuna sosai. In aka zo inda matar nan ta zazzaga wa mutumin masifa, sai Inna ta ce, ko ɗago kai ba ta yi, “Ta yi daidai.” Baffa ya dube ta ta saman tabarau ya ce, “Haka aka rubuta, ba ni na faɗa ba.”

Bai taɓa ba kowa aron ko ɗaya ba. Da na iya haɗa baƙi na roƙe shi, ya ce in bari sai na girma. Na girma na koma, ya ce in bari sai na yi hankali. Daga nan na tafi sakandare, na wuce kwalejin horar da malamai a Bici, na dawo gida aka ba ni aji a firamarenmu, ina yawo da biro biyu a aljihun gaba. A shekarar da na fara aiki, ana gama kai amfani gida, Baffa ya kwanta 'yan kwanaki kaɗan, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki aka zauna rabon gado a zauren gidan. Limamin garinmu ne ya raba, dattijo ne da ba ya gaggawa, ko atishawa zai yi sai ya ɗan yi tunani. Aka ambaci gonaki, aka fito da tumaki, da keke, da garma, da fartanyu, da rediyo. Aka zo kan adaka. Aka buɗe, kowa ya leƙa, kowa ya koma ya zauna. 'Ya'yan Baffa manoma ne da teloli, babu wanda takarda ta dama. Wani ya kawo shawara a raba su kamar yadda aka raba fartanyu, kowa ya kwashi kasonsa. Na ce ai littattafan nan na ɗaya da na biyu da na uku ne, in aka yi haka wani zai tafi da farkon labari, wani da ƙarshensa. Aka ce ai shi ke nan, sai su riƙa ziyartar juna, zumunci ya ƙaru. Ni ba magaji ba ne, amma zuciyata tana kan adakar.

Inna tana takaba, tana zaune a bayan zana tana sauraro. Sai muka ji muryarta: “Allah gafarta Malam, a sa min adakar a tumunina.”

Liman ya duba ƙasa, ya duba sama. Ya ce in aka sa mata adaka, to tunkiyar da ta faɗo a kasonta sai ta fita. “Tunkiyar nan da ciki fa,” in ji shi.

“Na sani, ni nake ba ta dusa.”

“Kuma ke ba kya karatun boko.”

“Ban ce zan karanta ba, Malam. Cewa na yi a ba ni.”

Liman ya maimaita tambayar a gaban shaidu, ta maimaita amsarta. Ya ce to adaka da duk abin da ke cikinta sun zama nata halak malak, babu mai sauran magana a kai. Gari ya samu abin hira. Har bakin rijiya ana labarin tsohuwar da ta ba da tunkiya mai ciki ta karɓi takardu. Da tunkiyar ta tashi haihuwa kuma ta zubo tagwaye, hirar ta dawo sabuwa.

Ni a wayona na ga na gane abin da take so. Kewar karatun ce ke damunta, ga kuma ni Allah ya kawo, mai takardar shaida. Wata la'asar na shiga na durƙusa na ce, “Inna, kawo in karanta miki.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance bakin zani ta miƙo mabuɗi. Na zaɓo wani mai jan bango da na sani sarai, wanda a cikinsa jakin ya faɗa rijiyar lambu, matar ta tara gari da ihu. Na gyara zama na fara da muryar aji. Sai ga wata doguwar budurwa fara tana saukowa daga bene, direba na jiranta zai kai ta filin jirgi. Na juya shafi, na sake juyawa, babu jaki, babu lambu. Na ce a raina, bangon littattafan nan duk kama suke da juna, na ɗauko wani ne.

“Rufe,” in ji Inna.

“Inna, ai ban ma fara ba.”

“Ka gama. Rufe ka miƙo min mabuɗina.”

Na fita raina a ɓace. Na ɗauka muryata ce ba ta yi mata ba, na kuma ƙudura ba zan sake tayi ba sai ta neme ni da kanta. Ba ta neme ni ba.

Ta fita takaba ke nan, bazara ta kama, sai maganar littattafan nan ta tashi. A rediyo ana ta cewa su ke ɓata tarbiyyar 'yan mata, a majalisa ma hirar ke nan. Samarin garinmu suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya. Shugabansu ajinmu ɗaya da shi a firamare, kuma ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne. Yana da ƙanne mata, tsoron da yake yi musu na gaske ne. Sai dai irin mutanen nan ne da in suka ga ɓera a rumbu, ashana suke fara nema. Suka riƙa bi gida-gida da buhu, suna sallama, suna nasiha, suna fitowa da kaya.

Ranar kasuwa da hantsi suka tara abin da suka samu a filin bayan rumfuna. Na je na tsaya na harɗe hannu. Yaran makaranta sun ga dama ta samu, don a cikin tarin na hango littattafan lissafi na ajina, da wata takarda mai koyar da yadda ake zuba takin zamani. Na kutsa na tsamo na lissafin na mayar wa masu su, kuma ina jin har yau akwai waɗanda ba su yafe min ba. Aka kwara kananzir, aka ƙyasta. Wuta ta tashi, yara na ihu suna tsalle, littafin da iska ta ture gefe a bi shi a tattake a mayar. Akwai 'yan mata daga nesa suna leƙe, wasu na dariya, wasu ba sa yi. Ba zan ɓoye ba, ranar ƙwalla ta cika min ido, na ce hayaƙi ne.

Kafin toka ta huce wani ya tuna cewa duk abin da aka ƙona bai kai rabin adakar Baffa ba. Aka aiko wa Inna cewa kwamiti na nan zuwa. Labari ya ƙetare rafi, sai ga ƙawarta ta iso da babban kwano a ka, tana haki. Ta ce, “Zubo su nan in kai miki rumbuna, can ba za su shiga ba.” Inna ta ce, “Sato su na yi da zan ɓoye?” Ni ma na ce ta ba ni in kai ofishin hedimasta in kulle. Ta ba ni irin amsar da ta ba ƙawarta, ta ƙara da cewa in matsa ina tare mata iska.

Washegari suka zo, su da buhunsu. Suka durƙusa suka gaishe ta kamar yadda ya kamata, suka yi mata gaisuwar rashi. Shugaban ya ce, “Inna, mun zo ne a kan littattafan marigayi.”

“Marigayi ba shi da littafi. An raba gado.”

“To, naki.”

“To, nawa. Sai aka yi yaya?”

Ya yi mata wa'azi mai daɗi, cikin ladabi, har ya kawo misali da 'yan jikokinta. Ta saurara har ya dire. Sannan ta jawo mayafi ta ce, “Tashi mu je gun wanda ya ba ni su. In ya ce kuskure ya yi, sai ya dawo min da tunkiyata da 'ya'yanta.”

Haka muka ɗunguma zuwa zauren Liman, Inna a gaba tana ɗingishi, kwamiti a tsakiya, ni a baya ina shirya jawabi. Ta zauna daga bakin ƙofa. Shugaban ya faɗi nasa. Da aka ba ni dama na miƙe na yi bayani mai tsawo a kan ilimi da tarihi da 'yancin ɗan Adam, ina yi ina yaryaɗa Turanci. Na lura idon Liman a rufe yake, amma na ɗauka natsuwa ce. Da na zauna ya buɗe ido ya dubi shugaban.

“Ka karanta waɗannan na cikin adakar?”

“A'a, Allah gafarta Malam, amma ai duk irinsu ɗaya ne.”

“Ka ga ta ba 'yar wani?”

“Ban gani ba.”

Ya juya wajen ƙofa. “Kina ba da aro?”

“Ko wannan mai dogon Turancin ban ba shi ba,” in ji Inna.

Liman ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ni na raba gadon nan da bakina. Da tunkiyar ta ɗauka, za ku zo ku yanka ta don an ce tumaki na shiga gonar mutane? Ai sai ta shiga tukuna. Ku yi mata nasiha in kuna so, ta ji ko ta ƙi, wannan tsakaninta da Ubangijinta. Amma hannu, kowa ya riƙe nasa.” Ya shafa addu'a, aka watse. Shugaban ya naɗe buhunsa ya sa a hammata, kuma don Allah bai sake taka ƙofarta da wannan maganar ba.

Ni kuwa na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Duk wanda na tara da shi sai na ba shi labarin yadda jawabina ya ceci adaka. Ana haka na ji cewa Inna za ta koma gun 'yarta a Bacirawa, can birni, kafin ruwa ya sauka, saboda idonta ya yi rauni, gwiwa ma ta ƙi. Na san ɗakin da za a ba ta can ƙarami ne. Na yi lissafina ni kaɗai, na ga babu inda littattafan nan za su in ba hannuna ba. Na sa kafinta ya buga min kantar jera littattafai a ofishin malamai, har na shafa mata fenti. Na je na ce, “Inna, an fa gama kanta.” Ta ce, “Allah ya sa alheri.”

Lokacin sharar gona ne, ko'ina ka duba an tara kara da ƙaya ana ƙonawa, hayaƙi na tashi gona-gona. Wata safiya bayan an karya ta kira ni ta ce, “Ɗauko adakar nan.” Na naɗa gammo na ɗora a ka, nauyi kamar dutsen niƙa, amma ban ji ba don murna. Muna fita na miƙi hanyar makaranta. Ta ce, “Ba nan ba.” Ta nuna hanyar gona da sandarta. Na bi ta, ina cewa a raina wataƙila ta gonar za mu zaga. Gonar Baffa ce, wadda yanzu ta koma hannun babban ɗansa. A gindin ɗorawa muka tarar da ƙawarta ta riga mu, ta haƙa ɗan rami da fartanya, ta jera kara a ciki. Na sauke adaka a hankali. Inna ta kwance bakin zani, ta fito da mabuɗi, ta fito da ashana.

Na ce, “Inna, me za ki yi?”

“Abin da ka gani.”

“To wahalar me muka sha zuwa gaban Liman? Da kin bar su sun ƙona tun rannan, da ko ashanarki kin huta!”

Ta zauna a kan saiwar ɗorawa ta miƙe ƙafa. “Su me suka ce littattafan nan?”

“Sun ce ƙazanta ce.”

“To. Abin da mutumin nan ya riƙe a hannunsa shekara da shekaru, a watsa a bayan kasuwa, a ce ƙazanta ce, yara na ihu ana takawa. Ina raye?”

“To ki ba ni mana! Ga kanta can na yi. Yara su karanta su ƙaru.”

“Su karanta me? Abin da ka karanta min rannan?” Ta kafe ni da idanun nan da aka ce ba sa gani sosai. “Ka ga jaki a ciki?”

Abin da na ƙi bari ya shiga kaina tun ranar nan ya shigo ya zauna. Na ce a hankali, “Inna, da ma kin sani?”

Ƙawarta ta tuntsire da dariya har ta dafa fartanya. Ta ce, “Wa bai sani ba, ɗan nan? In ban da ku maza da yara.”

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Mai jan bangon nan, wata shekara ya karanta mana shi, matar ta mutu a ƙarshe. Muka sha kuka, ni kuwa na yi kwanaki ban dama masa fura ba. Da kaka ta zagayo ya sake ɗauko shi, sai ga matar ta warke, har da haihuwar tagwaye. Sunansa kaɗai ya iya rubutawa, shi ma sai ya huta a tsakiya.”

“Kuma ba ki taɓa gaya masa ba?”

“In gaya masa me? Mutum ya rasa yadda zai dubi idona ya faɗa min magana, ya je birni ya sayo takarda, ya ɓuya a bayanta ya faɗa. Sai in janye takardar?” Ta murza mabuɗin a hannu. “Ka kai su makaranta, gobe jikansa ya ɗauko ya duba, ya ce ashe Kaka ƙarya yake yi, babu jaki. A riƙa gyara masa karatu yana kwance a ƙasa. A'a. Mai karatu aka san shi, a haka za a bar shi.”

Na yi ƙoƙarin ƙarshe. Na ce ai waɗanda suka rubuta su sun sha wahala, kuma littafi ba na mutum ɗaya ba ne. Ta ce, “Irinsu sun ƙare a kasuwa ne? Mai so ya je ya sayi nasa, ban hana kowa ba, ban shiga ɗakin kowa da buhu ba. Waɗannan dai nawa ne. Kana wurin aka ba ni.”

Ina wurin kuwa. Na ma yi jawabi a kai da Turanci.

Ta yi bisimilla ta ƙyasta. Babu kananzir, babu ihu. Takan ɗauko littafi ɗaya, ta share masa ƙura da gefen mayafi, ta ɗora a kan wutar a hankali, kamar yadda ake yi wa tsohuwar takardar da ba a so a taka. Sai ya cinye ta ɗauko wani. Ƙawarta na gyara wutar da kara. Daga gonakin da ke kewaye babu wanda ya ko ɗago kai, hayaƙinmu ɗaya ne cikin hayaƙin shara. Ni ina tsaye, zuciyata na ƙuna. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, ga kewar Baffa da ta taso min wadda ko ranar jana'izarsa ban ji irinta ba.

Can wajen ƙarshe ta jawo wasu a haɗe, ɗaya ya zame ya faɗo ta bayan adaka, daidai ƙafata. Mai jan bangon ne. Inna ba ta gani ba, ƙawarta kuma ta juya tana karyo kara. Na sunkuya na ɗauka. Kusurwar kowane shafi ta yi baƙi, ta lanƙwashe, wurin da yatsan Baffa ke kamawa. Aljihun rigata babba ne, zai shige ba a ko ga alama ba. Guda ɗaya tak, ba don makaranta ba, ba don kowa ba, don ni. Na san ba za ta taɓa sani ba, kuma na san zan iya kawo wa kaina hujjoji masu kyau har da na addini. Na tsaya riƙe da shi har zafin wutar ya fara dukan ƙaurina. Abin da ya dawo min ba jawabina ba ne, 'yar maganar Liman ce, cewa hannu kowa ya riƙe nasa.

Na ce, “Inna, ga ɗaya ya faɗo.”

Ta miƙo hannu ta karɓa, ta shafa bangon. “Mai ja ne?”

“Shi ne.”

“Wannan ya fi iya karantawa,” in ji ta. Ta ɗan riƙe shi a cinya, sannan ta share shi kamar sauran ta ɗora.

Da wuta ta mutu ƙawarta ta mayar da ƙasa ta rufe tokar, ta daddanna da bayan fartanya. Inna ta dafa sanda ta miƙe, ta miƙo min mabuɗi. Ta ce, “Kai mai son ajiya, ga adaka nan.” Na ɗauko ta a ka muka dawo, ba nauyi ko kaɗan, amma na fi jin wuyana a dawowar. Ba a jima ba aka zo da mota aka tafi da ita Bacirawa, a can kuma ta cika bayan wasu shekaru. Kantata ta daɗe babu komai a kai, daga baya malamai suka mayar da ita wurin ajiye kwanon abinci.

Har yau ban yarda da ƙona littafi ba. Ko yanzu wani ya nemi shawarata zan ce kada ya ƙona, zan ma roƙe shi. Amma daga roƙo ba na wucewa. Abin da safiyar nan ta koya min shi ne, ni da shugaban kwamiti ba mu da nisa kamar yadda na zata. Shi ya zo da buhu, ni na zo da kanta, kowannenmu ya riga ya yanke abin da ya dace da kayan tsohuwa, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaye ta mene ne su a wurinta. Wuta biyu na gani a bazarar nan, ƙaurinsu iri ɗaya. Ta farko an ƙwace wa masu abu abinsu ne aka jefa. Ta biyu mai abu ce ta sallami abinta da hannunta, kuma ba sai na ji daɗi ba kafin ya zama haƙƙinta.

Adakar tana ƙarƙashin gadona yanzu, na cika ta da nawa littattafan. Da kaka, in an baza tabarma ana ɓarar gyaɗa, yarana sukan ce in karanta musu. Sai in laluba in ɗauko duk wanda hannuna ya faɗa kai, in lashi yatsa in buɗe. Ko mene ne a shafin, matar gajera ce mai wushirya, jakin kuma kunnensa a tsage. Babbar 'yata ta iya karatu sarai. Rannan ta leƙo shafin ta bayan kafaɗata, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dube ni. Na ce, “Haka aka rubuta, ba ni na faɗa ba.” Ta koma ta zauna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.